Babban Gwani Malam Mika'ilu, Maginin Masallacin Zariya

Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da laƙabin Babban Gwani, shi ne maginin da sunansa ya fi na kowa tashe a tarihin gine-ginen ƙasar Hausa. Maginin Zazzau ne na ƙarni na 19, kuma aikin da ya ɗaukaka shi shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ya gina a ƙofar fada zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na farko daga gidan Katsinawa, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya yi aikinsa, kayan da kowane maginin ƙauye yake taɓawa kullum, amma abin da ya fitar daga cikinsu ya sa masana na gida da na waje suke lissafa wannan masallaci cikin manyan gine-ginen ƙasa na nahiyar Afirka.

Ya taso ne a lokacin da ƙasar take cikin sauyi. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma cikin 'yan shekaru tsofaffin sarautun Hausa suka koma hannun masu tuta. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Malam Yakubu ya kafa Bauchi, Malam Musa ya hau gadon Zazzau, bayansa Yamusa, sannan Abdulkarimu. Sababbin shugabannin malamai ne, abin da suka fara buƙata a kowane gari shi ne masallacin Juma'a da zai ɗauki jama'a, da wurin shari'a, sannan fada. Ga kuma ribaɗoɗi da sababbin garuruwa da ake ta kafawa a bakin iyaka. Aikin gini ya yawaita, aka shiga neman ƙwararru ruwa a jallo. Sai dai akwai sharaɗi a kan irin ginin da ake so, domin shugabannin jihadi sun yi wa'azi a kan almubazzaranci da alfahari irin na sarakunan da suka gabata. Ana son gini mai kwarjini wanda babu ƙawar banza a jikinsa, kuma cika waɗannan biyun a gini ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

A Ingila, wannan lokaci ya zo daidai da ƙarshen zamanin da ake kira da sunan sarakuna huɗu masu suna George, wanda ya fara a 1714 ya ƙare a 1830, wasu kuma suna kai shi 1837, shekarar da Sarauniya Victoria ta hau mulki, wadda kuma ita ce shekarar rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Manyan masu tsara gine-gine na can a lokacin su ne irin su John Nash, da ya yi aikin fadar Buckingham ya rasu a 1835, da John Soane, mai ginin Babban Bankin Ingila, da ya rasu a 1837. Waɗannan su ne tsaran Babban Gwani a zamani. Su sun bar zane-zane da wasiƙu da takardun lissafi cike da ɗakuna, shi kuwa tarihinsa ya zo ne ta bakin zuriyarsa da sauran magina, sai kuma ginin da kansa.

Akwai rubutacciyar shaida guda ɗaya daga wancan zamani da take da muhimmanci ƙwarai. A 1824 Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya sauka a Sakkwato baƙon Sarkin Musulmi Bello. Ya tarar ana gina wani masallaci da dukiyar Waziri Giɗaɗo, ya je ya ga aikin, ya kuma zanta da shugaban maginan. Mutumin ya shaida masa cewa shi ɗan ƙasar Zazzau ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar, ya samo wani abu na ilimin gini a can, kuma da zai rasu ya bar masa takardunsa. Ya kuma nuna sha'awar mallakar wata irin rula ta lissafi da matuƙan jirgin ruwa da masu awon ƙasa suke aiki da ita. Clapperton bai rubuta sunansa ba, amma wasu masu bincike suna ganin Malam Mika'ilu ne, shekara goma kafin Abdulkarimu ya hau sarauta. Ko shi ne ko wani ɗan garinsu, labarin ya rushe zaton da ake yi cewa maginin gargajiya mutum ne mai kwaikwayon abin da ya gada ido rufe. Ga magini a Sakkwato yana da takardu, yana da labarin gine-ginen Masar, yana kuma neman kayan awo mafi inganci da ya ji labarinsu.

Wanda yake son ya gane girman aikin Babban Gwani sai ya fara sanin yadda ake ginin ƙasa, kuma wannan ba sai an je Zariya ba. A ƙauyukan Makoda da Dambatta, a arewacin jihar Kano, inda gari ke kusa da gari gonaki suka cike tsakani, har yanzu ana ganin sa da zarar an kawar da gero da dawa, rani ya shigo. Ana haƙo ƙasa daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a sake jiƙawa a sake tattakewa har sai ta yi danƙo. Daga nan a cura tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a jera a rana su bushe. Ranar gini magini yana hawa kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, mai taya shi yana ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cafewa yana dasawa, tsinin yana kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora sahu a kan ɗanyen sahu, sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yana farawa da kauri daga tushe, yana raguwa yayin da yake hawa. A haka yaro yake koyon sana'ar a gidansu: ya fara da ɗebo ruwa da kwaɓa, ya kai ga cilla tubali, ya hau bango, sai bayan shekaru a bar shi ya taɓa rufi. A manyan birane kuwa magina suna da shugabansu, Sarkin Magina, wanda ta hannunsa aikin fada da na ganuwa yake bi.

Tayar da bango ba shi ne abin wahala ba. Rufi ne yake raba magini da gwani. Ƙasar Hausa ba ta da dogayen itatuwan katako irin na kurmi, abin da ake da shi shi ne azara, wato kututturen giginya da aka tsattsaga. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, tana iya shekaru masu yawa a cikin gini, amma tana da iyaka: idan tazarar da ta haye ta wuce kamar ƙafa 6, ga nauyin ƙasar rufi a kanta, sai ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da ƙunci. Magina sun daɗe da sanin dabarun ƙara faɗi, kamar turo azara daga saman bango don rage tazara, ko gicciya ta a kusurwoyi, ko kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki. Amma masallacin Juma'a yana buƙatar fili, sahu ya miƙe, mamu su hangi liman, kuma ginshiƙai masu yawa suna yanke sahu suna cinye wuri.

Maganin wannan shi ne bakan gizo. Magini yana dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi tun daga ƙasa, ta ɗan karkato ciki. Ya ɗaure wata a kanta da igiya, ta leƙo gaba kaɗan fiye da ta farko, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe. Haka zai yi ta kafi bayan kafi, daga wannan ɓangare da wancan a lokaci guda, kowane yana ƙara sunkuyowa, har hannuwan biyu su haɗu a sama a ɗaure su da wasu azarori. Azarar da ke cikin ƙasar tana yin aikin da rodi yake yi a cikin kankare: ita take riƙe ja, ƙasa kuma ta riƙe danni. Idan baka biyu ko fiye suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki an sami ɗaurin guga, a shimfiɗa gajerun azarori a tsakankaninsu, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, sai tulluwa ta fito a saman soro. Daga waje a shafe ta da laso ko makuba don kada ruwa ya shiga, a sa indararo ya zubar da ruwan sama nesa da bango. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, laso kuwa da katsin marina ake haɗa shi. Duk kuskuren da aka yi a karkatar kafi ɗaya zai bayyana a sama, inda hannuwan za su ƙi haɗuwa, kuma babu katakon tallafi a ƙarƙashi da zai rufa wa magini asiri. Da ido da igiya da ƙwarewa ake yin lissafin duka.

Ba Babban Gwani ne ya ƙirƙiro bakan gizo ba. Masana sun yi ta muhawara a kan asalinsa, har wata masaniya Ba'amurkiya, Labelle Prussin, ta danganta shi da yadda makiyaya suke lanƙwasa itace su ɗaure bukka. Abin da Malam Mika'ilu ya yi shi ne ya kai dabarar wani matsayi da ba a san wani ya kai ta ba kafinsa.

Masallacin Zariya ba ɗaki ɗaya ba ne. Harabar tana kewaye da katanga, ana shiga ta zauruka da ke da wuraren alwala, akwai ɗakin shari'a a haɗe, sannan babban ɗakin salla. Daga waje ginin ba ya da hayaniya, bango ne mai kauri da tulluwoyi a kwance a samansa. A ciki gwanintar take. Manyan ginshiƙai suna tashi daga ƙasa, bakuna suna fita daga jikinsu ta fuskoki daban-daban, wasu bibbiyu a jere, suna haɗuwa da na ginshiƙin gaba, ta yadda nauyin kowace tulluwa yake sauka a kan na kusa da ita, duka rufin ya zama abu guda mai riƙe da juna. Tsakanin bakunan an jera azara a tsare, wata ta nufi nan wata ta nufi can, har shimfiɗar kanta ta zama ado ba tare da an ƙara mata komai ba. A jikin ginshiƙai akwai zane da aka tono a cikin ɗanyar ƙasa, layuka masu zurfi, da'irori da kusurwoyi, manya-manya, ba irin cukurkuɗaɗɗen adon fuskar gida mai launuka da ya yi tashe a Zariya da Kano a ƙarni na 20 ba. Haske kaɗan ne yake shigowa, kaurin bango kuma yana hana zafin rana ratsowa, don haka mai shiga da azahar yakan tarar da sanyi.

A nan ne ya cika sharaɗin zamaninsa. Babu zinariya, babu dutse mai tsada, babu wani abu da aka yi sayayyarsa daga nesa. Kwarjinin ginin daga tsarinsa yake fitowa, daga tsayin baka da faɗin da ya haye. Wanda ya tsara wannan dole ya riga ya ga ginin gaba ɗaya a zuciyarsa kafin a haƙa tushe, domin inda kowane baka zai sauka shi yake nuna inda ginshiƙi zai tsaya da irin kaurin da zai yi, kuma tun daga sahun farko ake dasa azarar da za ta haɗu da 'yar'uwarta a can sama bayan makonni. Ga kuma tafiyar da ma'aikata masu yawa, masu haƙa, masu ɗebo ruwa, masu curin tubali, masu kawo azara daga nesa, duk a cikin watannin rani, tunda damina ba ta barin ɗanyen gini. Wannan shi ne aikin da a yau ake raba wa mai zane da injiniya da ɗan kwangila, shi kuwa ya haɗa su shi kaɗai.

Mutumin da ya yi irin wannan aiki ba ya rasa labarai a bayansa. A cikin abin da ake faɗa akwai cewa da dare yake gini, gari ya waye a tarar aiki ya ci gaba, har wasu suna cewa da taimakon aljanu. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 a kan ginin gargajiya na ƙasar Hausa, ya zauna da magina ya nazarci yadda suke kallon gwani a cikinsu, mutumin da suke ganin baiwarsa ta wuce abin da koyo kaɗai yake bayarwa. Irin waɗannan labarai suna nuna yadda aikin ya girgiza mutanen da suka gan shi, suna kuma tuna mana cewa sirrin sana'a abu ne da gidajen magina suke tsarewa, ba kowa ake bari ya ga yadda ake ɗaure baka ba.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ƙarshensa. Riwayar ta ce bayan ya gama aikin Zariya sai Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya yi masa gini, da ya kammala sarkin ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Almajiran adabin Larabci za su tuna da Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, wanda aka ce Sarki Nu'umanu na Hira ya sa aka jefo shi daga saman ginin saboda wannan dalili, har sakayyarsa ta zama abin buga misali. A Rasha ma ana ba da makamancin labarin a kan maginan wata tsohuwar majami'a ta birnin Mosko. Yawan maimaituwarsa a ƙasashe daban-daban ya isa ya sa mai karatu ya riƙe shi a matsayin riwaya. Amma akwai gaskiya guda a cikinsa: a wancan zamani gini yana cikin abin da sarakuna suke gasa da shi, kuma gwanin magini dukiya ce da ake kishi a kanta.

Sunan Babban Gwani bai tsaya a Zazzau ba. A ƙasar Bauchi, a garin Kafin Madaki da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai gidan Madakin Bauchi da aka gina wajen 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, kuma har yau da sunan Babban Gwani ake kiran soron. A can sunan maginin da ake ambata shi ne Muhammadu Durugu, mutumin Zariya. Wasu marubuta suna ɗaukar Mika'ilu da Durugu mutum ɗaya ne, wasu kuma suna ganin laƙabin ya bi gida ne, daga uba zuwa magajinsa, kamar yadda sana'ar take bi. Ko ma wane ne, irin bakunan ne, irin ɗaurin ne. A 1956 aka sa gidan Madakin cikin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta kare, yana cikin na farko-farko a Najeriya. A birnin Zariya kuma akwai unguwar da ake kira Babban Gwani, inda zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sana'ar.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Kowace shekara sai an duba rufi kafin ruwa ya sauka, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. Muddin ana yin haka yana iya ƙarni biyu, idan aka yi sakaci damina kaɗan ta isa ta kai shi ƙasa. Masallacin Zariya ya yi fiye da shekara 130 a siffarsa ta asali. A shekarun 1970, da jama'a suka yi yawa, aka yi sabon gini na siminti, aka rushe wasu sassan harabar, abin da ya rage na tsohon ɗakin salla kuma ya koma cikin sabon ginin. Kafin hakan, Allah ya sa an auna shi an zana shi. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya da ɗalibansa, kuma aikinsa ya fito cikin littafi mai juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. J. C. Moughtin ma ya yi nazarin masallacin a littafinsa kan ginin Hausa da ya fito a 1985. Yawancin abin da ɗaliban jami'a suke karantawa a yau game da Babban Gwani daga waɗannan ayyuka da na Sa'ad yake.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, wasu suka ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara sai abin ya auku. Daga baya aka shiga shirin sake gina masallacin.

Wanda yake son ganin yadda ɗakin sallar yake a asalinsa zai iya zuwa Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya da Dmochowski ya jagoranci kafawa, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin da ƙasa da azara bisa awon da aka ɗauka, kusa da kwatankwacin ganuwar Kano. Shi ma wannan yana buƙatar magina masu sanin ɗaurin baka da za su riƙa duba shi, kuma irinsu suna ƙaranci. A Makoda da sauran ƙauyukan Kano bulo da kwano sun karɓe yawancin sabon gini, azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, matasa da yawa da suka gaji sana'ar sun koma aikin siminti. Masu curin tubali da tayar da katanga suna nan da yawa, amma waɗanda za su iya ɗaura guga a kan babban zaure yawancinsu dattawa ne, kuma aikin da ake kiran su a kai yanzu ya fi yawa a gyaran tsofaffin fadoji da zaurukan masu sarauta.